Malam Almu, Saiwar Aduwa da Bijimin Ranar Talata

Shekara ashirin da bakwai ke nan da muka kai Malam Almu makwancinsa a Talata Mafara. Duk shekara sai in ce bana zan rubuta wani abu a kansa, sai shekarar ta ƙare ban ɗauki alƙalami ba. Ni mahauci ne, hannuna ya fi sabawa da wuƙa, amma aji ɗaya muka zauna da Almu a firamare, kuma har yau jarida ba ta wuce ni. Mai karatu zai iya tambayar me ya haɗa mahauci da tarihin malamin kimiyya. Abin da ya haɗa mu shi ne dalilin wannan rubutu, kuma ba dukansa ne abin alfahari gare ni ba.

Almu ɗan limamin unguwarmu ne, gidansu gidan karatu ne tun kakanni. Ya sauke Alƙur'ani muna fama da ƙananan surori, ya yi littattafai a gaban mahaifinsa, sannan ya bi boko har jami'a, inda ya karanta ilimin sinadarai. Da ya gama ya dawo gida ya kama koyarwa a wata makarantar sakandare. Dogo ne siriri, mai magana a hankali har mai gaggawa ya ƙosa. In Liman ya yi tafiya ko ciwon gwiwarsa ya motsa, Almu ke shiga gaba ya ja mu salla, kuma babu wanda yake shakkar cewa shi zai gaji limancin. Shi kansa abin yana da girma a zuciyarsa. Ya taɓa gaya mini cewa ranar da mahaifinsa ya fara tura shi gaba ta fi masa daɗi a kan ranar da ya karɓi takardar digiri.

Kwanan baya na tsaya a kasuwa ina kallon wani mai mota da lasifika yana tallar kwalabe masu hoton wata saiwa mai kama da mutum, wai ginsen daga ƙasar Sin, wai tana ƙara wa namiji ƙarfi, tana gyara jini, tana korar mantuwa. Dattawa sa'o'ina sun yi masa da'ira, kowa yana yi kamar wani ne ya aiko shi. Dariya ta kama ni, don ni tun fiye da shekara arba'in na ji sunan saiwar nan daga bakin Almu. Ya ce mini masana sun daɗe suna aiki a kanta. Sun gano cewa amfaninta yana cikin wasu sinadarai masu kumfa, waɗanda ake kira safonin, sun rarrabe su ɗaya bayan ɗaya, kowanne sun sa masa suna. Ya ce mu ma muna da irinsu a ƙarƙashin ƙafarmu, muna wankin tsumma da su, ba mu taɓa tambayar me ke ciki ba. Saiwar aduwa yake nufi.

Lokacin ana tsakiyar aikin dam ɗin Bakolori. Wanda bai ga shekarun nan ba ba zai gane yadda ƙasa ta juye ba. Katafila tana ture itatuwa daga wajen Maradun har zuwa fadamun Bakura, ana baje gonaki, ana shata magudanan ruwa na siminti. Mutane da yawa sun rasa gonakin iyayensu, kuma an sha wuya a kan haka, wannan wani tarihi ne da ya fi ƙarfin alƙalamina. Abin da ya shafi labarina shi ne aduwa. Duk inda katafila ta bi sai ka ga manyan aduwoyi kwance, saiwoyinsu a sama. Mata suna sarar saiwar su daka su yi wanki da ita, kamar yadda iyayensu suka yi kafin sabulun kanti ya yawaita. Almu kuwa yana bin su da buhu a bayan babur, yau Damri, gobe Dakko, jibi Dosara. Ina yi masa tsiya in ce an kai shi jami'a ya dawo yana kishi da 'yan wanki. Shi kuma ya ce ai gado ne, mahaifinsa yana amfani da jikin aduwa a sassaƙa masa alluna, shi ya ɗauki na ƙasa.

Dalilinsa ba na wasa ba ne. Da ruwa ya fara zama a magudanan nan rani da damina, ƙananan dodon koɗi suka cika su. Tsargiya dama muna da ita, har mutanenmu suna ɗaukar fitsarin jini a wajen yaro alamar girma, amma a idonmu ta ƙaru. 'Ya'yana biyu suna cikin masu fama da ita a lokacin. Almu ya bayyana mini cewa ƙwayar cutar a jikin dodon koɗin nan take rayuwa kafin ta shiga mutum, kuma ya karanta cewa an daɗe da lura kumfar aduwa tana kashe shi. Na ce to me ake jira, a daka saiwa a zuba a ruwa. Ya ce a'a, abin da ya kashe dodon koɗi yana kashe kifi, ga shanu suna sha, ga mutane suna ɗiba. Sai an san wanne ne cikin sinadaran yake aikin, da kuma adadin da ya isa. Ban taɓa jin ya yarda da maganar a dai gwada a gani ba.

In na sayar da namana da wuri nakan bi ta ɗakin gwaji na makarantarsu bayan an tashi, in zauna a kan dogon benci in yi kallo. Na haddace aikin kamar ni zan yi jarrabawa. A wanke saiwa, a shanya a inuwa, a daka a turmi a tankaɗe. A jiƙa garin cikin sifirit kwana da kwanaki, a tace, a ɗora a kan ruwan zafi har ya ƙafe ya bar wani abu mai danƙo launin zuma. Ya ɗebi kaɗan ya zuba a siririyar kwalba da ruwa ya girgiza, ya ajiye, ya duba agogo. In kumfar ta tsaya ba ta faɗi ba har rubu'in awa, ya rubuta a littafi. Daga nan sai aikin da ke cin rai. Ya cika wani dogon bututun gilashi da farin gari, ya zuba danƙon nan a sama, ya riƙa bin sa da ruwan sinadari, abin yana ɗiga a ƙasa ɗigo ɗaya-ɗaya. Yana tarewa da ƙananan kwalabe, kowacce da lambarta. Ya ce sinadaran ba gudunsu ɗaya ba, wani ya riga wani fitowa, da haka ake raba su. Sai ya ɗiga kowacce a kan faifan gilashi mai farin shafi, ya fesa wani ruwa mai wari, ya gasa, sai ka ga tabo ya fito, wani a sama wani a ƙasa. Tabo uku yake samu kullum daga saiwar aduwa.

Abin da ya rage shi ne ya san wanne ya fi ƙarfi cikin ukun, kuma a nan ne na shigo. Hanya mafi sauƙi ta gane ƙarfin safonin ita ce jini, don yana fasa ƙwayoyin jini. Wata rana ya miƙo mini kwalba mai murfi, da ɗan farin gari a gindinta wanda ke hana jini daskarewa. Ya yi mini bayani tiryan-tiryan, har na ce ya isa.

"Garba, ba ni son ka yi abin da ba ka gane ba," in ji shi. "In da wata shakka ga ranka, ka bari."

Na ce, "Ɗiyana na hitsarin jini, kai kana maganar shakka. Kawo nan."

Sau uku ko huɗu na tara masa jini daga ragunan da na yanka a bayan gidana, babu wanda ya gani. Na tsaya a kansa ya yi gwajin. Ya wanke jinin da ruwan gishiri, ya rarraba a kwalabe, kowacce ja mai duhu-duhu, ba ka ganin bayanta. Ya ɗiga abin da ya tace daga saiwa. Ba a jima ba sai wata ta washe, ta koma ja garau kamar zoɓo, wata kuma ta tsaya yadda take. Da idona na gani, har na roƙe shi ya bar ni in ɗiga ɗaya da hannuna, kuma ya bar ni. Ina faɗin wannan dalla-dalla ne don kada daga baya wani ya yi mini uzuri.

Sai ranar wata Talata, ranar kasuwa. Tsohona bai daɗe da sakar mini teburinsa ba, ƙarfinsa ya ƙare, gidanmu kaf da ƙannena da matansu daga teburin nan ake ci. Na sayi wani bijimi fari, shi ne babbar dabba ta farko da na saya da ra'ayin kaina. Almu ya ce mini ya gama raba wani sabon kaso kuma ba zai jure ajiya ba, yana son jini a ranar. Ba ni da rago a gida. Na ce a raina ai abu ne na ƙiftawar ido. Da aka kayar da bijimin a mayanka bayan asuba, mai yanka ya yi bisimilla ya ja wuƙa, sai na durƙusa na tara kwalbar a wuyansa.

Wanda ba ɗan sana'a ba sai an yi masa bayani. A wajenmu jinin yanka na ƙasa ne. Najasa ne, ana barinsa ya kwarara, a rufe da ƙasa ko a kora da ruwa, ba a tara shi, ba a ɗauke shi a kai ko'ina. Tun ina yaro ban taɓa ganin Musulmin mahauci ya tara shi ba, kuma labaran da muka taso muna ji a kan masu tarar jini duk na tsafi ne. Ni na san wannan sarai. Sabo da ɗakin gwajin Almu ne ya sa na manta yadda abin zai kasance a idon wanda bai taɓa shiga can ba. Wani abokin sana'a ya gan ni, ya ga farin gari a gindin kwalba, ya ga na soke ta a aljihu. Ya juya ya tafi abinsa.

Kafin kasuwa ta cika magana ta riga ni zuwa. Wai bijimin Garba ba don Allah aka yanka shi ba, don kwalba aka yanka. Na shimfiɗa nama mai kyau, kitse fari tas, mutane suna zuwa su kalla su wuce teburin gaba. Masu tuwo da suka shekara suna saye a wajen tsohona suka sunkuyar da kai suka wuce. Rana ta take, ƙuda ya fara yawa, nama ya fara sauya launi, ban sayar da ko tsoka ɗaya ba. Na tsorata ƙwarai. Ba asarar bijimi ɗaya nake gani ba, don mahaucin da aka taɓa cewa namansa ba halal ba ne ya gama sana'a a garin, shi da 'ya'yansa.

Bayan azahar dattawan mahauta suka ce a je wajen Liman ya yanke hukunci. Muka cika zaurensa. Liman mutum ne mai adalci, ban taɓa jin wanda ya ce ya zalunce shi ba, kuma ranar ma bai yi gaggawa ba. Ya tambayi mai yanka ko ya ambaci sunan Allah, ya ce ya ambata, mutum biyu suka shaida. Ya tambaye ni jinin na wane ne. Na ce na Almu. Aka kira Almu daga cikin gida, ya durƙusa gefen mahaifinsa, ya fara bayanin dodon koɗi da kumfa da ƙwayoyin jini a hankali yadda ya saba. Na duba fuskokin dattawan, na ga babu wanda ya fahimci komai, abin da kawai ya shiga kunnensu shi ne saiwa da jini. Sai Liman ya juyo gare ni.

"Garba, kai ka san abin da za a yi da jinin ga?"

Da na ce na sani, na gani da idona, maganin tsargiya ake nema, da Almu ya sami shaida. Amma a lissafina na lokacin, da mutanen kasuwa sun ce ashe bakinsu ɗaya. Na ce, "Wallahi Malam ban sani ba. Cewa yay yi in cika in kawo, kada in tambaya."

Almu ya ɗago ya dube ni. Ba harara ba ce, kallon mutumin da ke son ya tabbatar ya ji daidai ne. Sannan ya mayar da idonsa kan tabarma. Liman ya ce masa, "Haka na?"

Ya ce, "Baba, ni nib ba shi kwalbar."

Bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Gaskiya ya faɗa, don shi ya ba ni kwalbar, kuma duk wanda ke zauren ya ɗauke ta a matsayin amsa laifi. Sai Liman ya ce nama halal ne, an ambaci Allah a kansa, mai shi kuma ba da saninsa aka yi amfani da shi ba. Don ya tabbatar wa jama'a, ya aika a sayo wa gidansa daga teburina. Ya juya ga ɗansa. Ya ce batun jini da lalurar magani abu ne da malamai za su iya zama su duba, ba shi ne ya dame shi ba. Abin da ya dame shi shi ne ɗansa ya sa maƙwabci aikin da zai iya kashe masa sana'a ba tare da ya gaya masa gaskiya ba. Ya ce wannan yaudara ce, kuma mai yaudara ba ya shiga gaban mutane a salla. Ya kuma hana shi sake taɓa jinin yanka. Da la'asar ta yi ƙanen Almu ne ya ja mu.

Kafin magariba na sayar da bijimin kaf, har kai da ƙafa. Na koma gida na ci abinci. Ba zan yi wa mai karatu ƙaryar cewa na kasa ci ba. Abin da na ji ranar sauƙi ne, kunyar daga baya ta zo, kuma da ta zo ba ta sake tafiya ba.

Garin ya laƙaba masa suna Mai Kwalba. Wasu suna faɗa da wasa, wasu da nufi. Akwai gidajen da suka daina kai masa 'ya'yansu ya yi musu addu'a, akwai waɗanda in ya miƙa hannu sai su ba shi kan yatsu. Bai daina aikin saiwa ba, kuma bai saɓa wa mahaifinsa ba. Na gane yadda yake yi ne wata rana da ya zo sayen nama na ga kan yatsunsa duk tabon allura. Nasa jinin yake tsaga yana gwajin da shi. Don bai daina zuwa teburina ba, duk Talata sai ya zo, ya gaishe ni da gaisuwarsa mai tsawo, ya tambayi tsohona da yaran da ke ciwo. Ni kuma in tula masa gyara fiye da ƙima. Sai ya sa hannu ya ware abin da ya wuce ya turo mini, ya ce, "Garba, ka cika gyara." Ya san abin da nake son in biya da naman, kuma bai taɓa karɓa ba.

Aikin ya kai inda ya kai. Ya gano tabon tsakiya ne ya fi ƙarfi. Ya tace shi ya sake tacewa har ya sami farin gari wanda bai fi ya rufe farce ba. Ya gwada a kwanon ruwa da dodon koɗin da ya kwaso daga magudanar Dakko, suka mutu, ya gwada da ƙananan kifi ya rubuta abin da ya gani, mai daɗi da marar daɗi. Sanin ainihin sunan sinadarin da siffarsa kuwa sai da na'urorin da babu su a kusa da mu. Ya yi ta ƙoƙarin kaiwa inda ake da su. Sai zamani ya yi tsanani, kayan gwaji suka gagara samuwa, aka yi masa canjin wurin aiki sau biyu, iyali suka ƙaru. Har ya bar duniya bai san sunan abin da ya tace ba, kuma ba a taɓa zuba shi a magudana ko sau ɗaya ba.

Na sami dama in gyara, ban gyara ba. Da Liman ya kwanta ciwon ajali na shirya na je da niyyar in faɗa masa gaskiya. Na durƙusa a bakin gadonsa na fara gaisuwa: ina kwana, ina gajiya, yaya jiki, yaya iyali, yaya haƙuri da mu. Gaisuwarmu ta wannan yanki tana da tsawon da matsoraci zai iya ɓuya a cikinta, ni kuwa na ɓuya. Ya sa mini albarka, har ya ce in yafe wa ɗansa abin da ya yi mini a shekarun baya. Na ce na yafe. Na tashi na fito ban faɗa masa ba. Bayan kwana huɗu ya rasu, aka naɗa ƙanen Almu liman.

Nakan tambayi kaina me Almu zai ce in ya ga yau. Magudanan da muka ga an zuba musu siminti, da yawa ciyawa da yashi sun cinye su, amma yara ba su daina wanka a inda ruwa ya rage ba. Yanzu akwai ƙwayar tsargiya da ake samu cikin sauƙi, kuma na san zai yi murna da wannan ba tare da ƙyashi ba, don shi lafiyar yaran yake nema, ba a ce shi ya yi ba. Aduwa ta yi ƙaranci, masu gawayi sun ƙarasa abin da katafila ta bari, wannan zai ɓata masa rai. Mai motar ginsen kuwa na san abin da zai same shi. Almu zai sayi kwalba ɗaya, ya girgiza, ya duba agogo, sannan ya tambaye shi a hankali wanne ne a ciki kuma nawa ne adadinsa, har mutumin ya kashe lasifika ya bar kasuwa. Jikokina suna shiga ɗakin gwaji a makaranta, ana ɗibar jininsu a asibiti ba wanda ke ɗaga gira. Abin da ya rusa wa mutum matsayi a zamaninmu, yau ko labari bai isa ba.

Bayan sallar layya ta bana 'yarsa Luba ta zo gaishe ni. Ita ce babbarsa, tana aikin haɗa magunguna a wani asibiti, kuma duk lokacin da ta shigo gari sai ta biyo ta gidana, don ta taso tana ganina abokin mahaifinta. Muna hira na tambaye ta sinadarin aduwa. Ta ce masana a wasu wurare sun rarrabe irinsu sun sa musu sunaye, mai yiwuwa na babanta yana cikinsu, ba yadda za a tabbatar yanzu. Ta faɗi haka ba tare da damuwa ba. Sai ta ce ƙaramin ɗanta ya dawo daga wasa yana tambayarta me ya sa wata tsohuwa ta kira shi jikan Mai Kwalba. A nan na kasa daurewa. Na gaya mata komai, tun daga ragunan bayan gida har zuwa rantsuwar da na yi a zauren kakanta. Ina magana ina kallon ƙasa, ni da furfurata, a gaban yarinyar da aka yi sunanta ina nan.

Da na gama ta ce, "Baba Garba, ai mun sani."

Na ɗago.

"Bayan rasuwar Kaka ya hwaɗa ma Inna, ita kuma ta hwaɗa muna da munka girma. Yac ce da ya ƙaryata ka ranar nan, da teburinku ya mutu, kuma ya san bakin da ka ci daga gare shi. Yac ce kada wanda ya tambaye ka, kada a canza maka huska. Kai za ka hwaɗi da bakinka wata rana."

Shekara da shekaru yarinyar nan tana durƙusawa tana gaishe ni, mahaifiyarta tana aiko mini da abin buɗa-baki, ashe duk sun san ko ni wane ne, suna jira ne kawai don shi ya ce a jira.

In aka auna abin da Almu ya bari da ma'aunin duniya, ba shi da yawa. Babu sinadarin da ke ɗauke da sunansa, bai yi limanci ba, littattafansa gara ta ci rabi. Akwai ɗalibansa da suka zama likitoci da malamai, suna tuna mutumin da ba ya yarda a ce abu magani ne sai an san me ke cikinsa. Akwai gidana, mutum fiye da talatin yanzu, da suka ci suka girma daga teburin da ya yi shiru don kada ya mutu. Akwai kuma wancan suna da ya bi shi har kan jikokinsa, wanda ni na jawo masa, shi ya sa ya zama dole ni in cire shi. Ina roƙon Allah ya jiƙan Malam Almu da mahaifinsa, ya haɗa su inda babu abin da ke ɓoye, ni kuma ya yafe mini rantsuwar da na yi.

Don haka duk wanda ya ci naman bijimin nan, ko ya ji labarin a bakin iyayensa a Mafara ko Bakura ko Maradun, ya ji daga gare ni. Almu bai yi tsafi ba, kuma bai yaudare ni ba. Na san abin da ake nema da jinin, da yardata na tara shi, na yi ƙarya a gaban mahaifinsa don in sayar da nama. Saboda ƙaryar nan ya bi ƙanensa salla har ƙarshen ransa, sau biyar a rana, kuma mafi yawan lokuta a sahu ɗaya muke, kafaɗarsa tana gogar tawa.